Ƙullin Baba Shaho

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mu nan sai godiya.

Na san za ka yi dariya ka ce Yaya ta koma zamanin da, ga waya a hannu tana rubuta takarda. Yi dariyarka. Tun da Mama ta samu shanyewar ɓarin jikin nan gadona ya koma ɗakinta, kuma da waya ta yi ƙara sai ta ce a buɗe murya ta ji. Saƙo ma in ya shigo sai na karanta mata. Shi ya sa nake rubuto maka daga ofishin malamai, direban motar da ke zuwa wajenku zai kawo. Amsar ma ta makaranta za ka aiko.

Har yau tana zaton daga cikin ofis kake goge tagogi, ƙafarka a ƙasa. Ban taɓa ce mata haka ne ba, ban kuma ce mata a jikin igiya kake lilo a bayan bene ba. Mu bar ta a haka.

Ga abin da ya kawo ni. Mako mai zuwa zan koya wa 'yan ajina maganganun da Turawa ke yi a kan haɗari. In abu ya kusa lalacewa sai su ce yana rataye da zare ɗaya. In mutum na kasada sai su ce yana tafiya a kan ƙanƙara mara kauri, don a wajensu kogi kan daskare har a taka shi, in an yi rashin sa'a ya ɓurme da mutum. In mara lafiya ya ɗan farfaɗo amma da saura, sai su ce bai fita daga daji ba tukuna. In ka tsira da ƙyar, su ce aska ta wuce dab da fata. Bara da na koyar da wannan darasi rabin ajin hamma suke, don misalan littafin ba su da rai. Kai da kake rataye da gaske, ka rubuto mini yadda aikinku yake, in samu abin da zan tashe su da shi.

Ka gaida Baba Shaho. Mama kullum sai ta sa masa albarka, ta ce shi ya riƙe amanar abota bayan rasuwar Babanmu da ya sama maka aiki.

Ka huta lafiya.
Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya Malama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, har da ƙamshin alli. Ina gaida Mama, Allah ya ƙara sauƙi.

Wato ni ne zaren darasinki? To ki gaya wa Turawanki nawa ba zare ba ne. Igiya biyu ce, kowacce ta kai kaurin babban yatsana. Ɗaya ta aiki, ita nake sauka da ita. Ɗaya ta tsaro, tana nan kawai tana jiran ranar da 'yar'uwarta za ta ci amana. Kowacce ana ƙulla ta a zoben ƙarfe dabam da aka kafa a rufin bene, sannan a maƙala ta a ɗamarar da ke jikina da ƙugiya. Ƙugiyar tana da makulli, murɗa shi ake yi har ya tsaya. Benen da muke yi yanzu hawa goma sha tara ne. Daga can motoci kamar kwalin ashana suke, iska kuma tana da hannu, ture mutum take yi.

Abin da za ki gaya wa yara shi ne dokarmu. Ba mai ƙetare katangar rufi sai abokin aikinsa ya duba shi. Mu biyu-biyu muke. Za ka ja ƙullin abokinka a jikin zobe, ka murɗa makullan ƙugiyoyinsa da hannunka, sannan ka taɓa kafaɗarsa sau biyu, shi ma ya yi maka haka. Sai ku sa hannu a takardar foman, wato mai kula da mu. A can sama ba ma wata doguwar magana irin ta littafinki. Iyaka mutum ya ce wa ɗan'uwansa a hankali.

Ni abokina Baba Shaho ne tun ranar da na fara. Shekararsa talatin da ɗaya a kan igiya. Rabin mutanen wurin nan shi ya koya musu ƙulli, har foman ɗin kansa. In ya duba ni sai ya jijjiga ni kamar buhu, ya ce uban wannan yaro ma haka yake, ƙashi ba nama. Shi kuwa ba mai duba shi. Kafaɗarsa kawai ake taɓawa a sa hannu. Wa zai kama ɗamarar Baba Shaho yana lalube kamar ya kama ɓarawo?

Na taɓa samun askar da kika ce. Wata rana bokiti ya suɓuce daga hawa na sama ya wuce ta gefen kunnena, har na ji iskarsa. Wannan ki ba yara. Na Baba kuwa kar ki ba su: makon jiya na ga ya ƙetare katanga makullin ƙugiyarsa ɗaya a buɗe. Na gyara, ba abin da ya faru. Tsufa ne kawai.

Kar ki manta ki ce wa Mama na yi ƙiba.

Naki,
Auta.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Mama na amsawa, ta ce ƙibar taka sai ta gani da idonta.

Darasi ya yi kyau, labarin bokiti ya hana kowa hamma. Amma ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Ka cusa mini magana a gindin takarda kamar mai ɓoye ƙwayar magani a cikin abinci, kana zaton zan haɗiye ban ji ba. Ni na yi goyonka, na san yadda kake in abu na cin ka: sai ka yi ta barkwanci, sannan ka ajiye gaskiyar a layin ƙarshe.

Sau nawa hakan ta faru? Kuma da ka ce ka gyara, ta yaya ka gyara, tunda ka ce ba mai taɓa ɗamararsa? Ya sani? Foman ya sani?

Bari in gaya maka abin da nake sha a nan. Mama tana da ƙwayoyi kala huɗu. Da farko ita ke ɗauka da kanta, ni ina kawar da kai don kar ta ce na raina ta. Ranar da na iske ta sha na hawan jini sau biyu, na kwashe su duka na sa a jakata. Ta yi kuka, ta ce ta haifi wadda za ta riƙa ƙirga mata numfashi. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na shiga banɗaki na yi nawa kukan. Amma ga ta nan tana zagina da ranta.

Ka sa hannu a takarda cewa ka duba mutum, alhali kafaɗarsa kawai ka taɓa. Wannan ba ladabi ba ne, Auta. Ka je ka gaya wa foman, ko ka zaunar da Baba ka gaya masa a fuskarsa. In kunya kake ji, ni zan rubuta masa.

Ina jiran amsarka da direban jibi.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa. Don girman Allah kar ki rubuta masa. In kika yi, ni da ke mun ɓata.

Tunda kin tsare ni, ga gaskiya. Wata bakwai ke nan. Idonsa ne, yanar ido ta rufe na hagu, na dama ma ya fara. Ba ya ganin ko makulli ya kai ƙarshe, yatsunsa kuma sun yi kanta, ba sa ji. Sau biyar na samu ƙugiya a buɗe. Sau ɗaya ya ƙulla igiyar tsaro a bututun tankin ruwa, yana zaton zobe ne, don fentinsu iri ɗaya.

Amma na samo dabara, kuma tana aiki. Kowace safiya ni nake rataya masa bokitinsa a ɗamara, kamar dai yaro na yi wa babba hidima. Ina ratayawa hannuna na bin ƙugiyoyin, in murɗa wanda bai kai ba. Sannan in ce na manta robar goge gilashi, in koma wajen zobba in ja ƙullinsa ɗaya bayan ɗaya. Har suna suka sa mini a wurin, wai Mai Mantuwa. Shi ma dariya yake, ya ce yaron nan wata rana kansa zai manta a rufi. Kin ga ke nan ana duba shi, kuma ba wanda ya ji kunya.

Ki gane, Mama a ɗaki kika ƙwace mata magani, daga ke sai ita. Shi a gaban mutum goma sha biyu ne, waɗanda rabinsu shi ya koya musu riƙe igiya. In na gaya wa foman, ranar za a sauke shi. Ba za a kore shi da zagi ba, a'a, za a ba shi tsintsiya ya riƙa share harabar ƙasa, yana ɗaga kai yana kallon yaransa a sama. Mutumin da ya wanke gawar Babanmu. Mutumin da ya kama hannuna ya kai ni gaban manaja ya ce wannan ɗana ne. Ni zan miƙa masa tsintsiyar?

Na gwada sau ɗaya. Muna cin abincin rana a inuwar tanki na ce, Baba, ashe yanzu ana wankin ido cikin sauƙi. Ya dube ni ya ce, idon wa? Na ce na wata maƙwabciyarmu. Ya ce Allah ya ba ta lafiya. Daga nan ban sake ɗauko maganar ba.

Ya ce ƙarshen shekara zai ajiye aikin da kansa. Saura wata huɗu. Ba na fashin aiki, ko zazzaɓi nake ina zuwa. Zan kai shi, in sha Allahu. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba, kullum da shi nake hawa. Amma ki bar ni in kai shi.

Ki gaida Mama.
Auta.

*

Auta,

Sallama. A gurguje nake rubutu, direba na jira.

Jikin Mama ya tashi jiya da hantsi, muna asibiti. Ta farfaɗo, tana gane mutane, amma harshenta ya yi nauyi. Likita ya ja ni gefe ya yi mini maganar nan da na koya wa yara, wai ba ta fita daga daji ba tukuna. Ban taɓa jin nauyinta ba sai a bakinsa. Sunanka take ta kira. Na kira wayarka sau shida, na san tana cikin akwati kana sama.

Ka taho gobe. Amma kafin ka taho, ka shiga wajen foman ka faɗa masa komai. Dabararka tana aiki ne in kana nan. Ka ji ni? Ka faɗa masa, sannan ka hau mota.

Allah ya kawo ka lafiya.
Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jikin Mama? Ki yafe mini yadda na bar ku a asibiti. Kin ga dai na amsa waya a baranda, na ce miki Baba Shaho ya faɗo, na fita ko takalmina ban ɗaura ba. Ban iske shi ba. A hanyar asibiti ya cika.

Da na iso wajenku kin tambaye ni ko na faɗa wa foman, na ce miki na yi magana da shi. Ban yi miki ƙarya ba, ban kuma faɗa miki gaskiya ba. Na je ƙofar ofishinsa, na tsaya, na shiga. Abin da ya fito daga bakina shi ne a haɗa Baba da mutum mai hankali kafin in dawo. Ya ce zai haɗa shi da Gajere, magidanci ne mai 'ya'ya uku, ba ya garaje. Na samu Gajere na riƙe hannunsa na ce, ka kula mini da Baba. Ya ce haba, ai ubanmu ne duka.

Kuma ya kula da shi. Ya ɗaukar masa kaya har rufi, ya bar masa ɓangaren inuwa, ya saya masa ruwan sanyi. Ya taɓa kafaɗarsa sau biyu ya sa hannu, kamar yadda kowa ke yi shekara da shekaru. Kwana biyu lafiya. A na uku ƙugiyar igiyar aiki ta buɗe a bakin katanga. Igiyar tsaro tana jikin bututun tanki. Bututun bai riƙe ba.

Shekaranjiya manaja ya tara mu. Mutum ne da ba ya magana sai da Turanci in ransa ya ɓaci. Ya ɗaga takardar da muke sa hannu ya ce ga shaida an bi doka. Sannan ya juya wajen foman ya ce, da alama tsohon ya daɗe yana tafiya a kan ƙanƙara mara kauri. Ya faɗa yana tattara takardu, kamar mai maganar hadari ya haɗu. Duk ɗakin ba wanda ya gane sai ni, don ke kika koya mini. Da ma ba ki koya mini ba. Gajere ya taɓo ni ya ce me ya ce? Na ce masa, cewa ya yi Allah ya jiƙansa.

Sai manaja ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa lura da wani abu. Gajere na gefena, kwana uku bai ci abinci ba, yana ganin shi ya kashe shi. Na miƙe. Na faɗi komai, wata bakwai, bokiti, robar da nake mantawa. Foman ya rufe fuskarsa da hularsa. Abin da na kasa faɗa wa mutum ɗaya a ofis, ga shi na faɗa wa mutum goma sha uku, lokacin da ba zai amfani kowa ba.

Jiya na je gaida matarsa. Na shirya ta tsine mini. Ta zaunar da ni a kujerarsa, ta buɗe durowa ta fito da tabarau sabo fil a cikin akwatinsa. Ta ce wata biyar da suka wuce ya je aka auna idonsa ya saya, amma bai taɓa fita da shi ba, wai in aka gan shi da gilashi a rufi an gama da shi. Sannan ta ce:

"Kullum sai ya yi maganarka. Ya ce yaron nan yana duba ni a ɓoye, yana zaton ban sani ba. Ya ce in dai ɗan abokina na nan, ba abin da zai same ni."

Ta ce ranar da na tafi ya daɗe zaune a bakin gado da takalmi a hannu. Ta ce masa ya huta har in dawo. Ya ce in ya zauna za a tambayi dalili.

Ya sani, Yaya. Wata bakwai yana ɗaga hannuwa in rataya masa bokiti, ya san abin da nake yi, ni ina ɓoye masa, shi yana ɓoye mini. Da ɗayanmu ya buɗe baki, da yanzu yana ƙasa da tsintsiya yana jin haushina. Ina ma a ce yana jin haushina.

An dakatar da ni mako biyu. Tabarau yana wajena, ta ce in riƙe. Ban san me zan yi da shi ba.

Ki yi mini addu'a.
Auta.

*

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya ba iyalinsa haƙuri, ya ba ka.

Na karanta takardarka a ofis, na kasa shiga aji. Ba zan ce maka ai na faɗa maka ba. Ni ma ina da adireshin wurin aikinku, ina da biro, na san komai tun wata guda. Ka ce in na rubuta mun ɓata, sai na zaɓi kar mu ɓata. Kuma ni na kira ka. Ka ajiye mini nawa kason, kar ka ɗauke shi duka.

An sallami Mama. Tana cin abinci, tana kama kalmomi ɗaya-ɗaya. Na gaya mata rasuwar, ta yi kuka, ta tambayi me ya same shi. Wannan karon ban kawar da kai ba. Na gaya mata daga inda ya faɗo, na gaya mata kai ma a can kake aiki shekara huɗu. Sannan ta ce in ce maka ka dawo gida.

Ni ma haka nake cewa. Makarantarmu na neman mai kula da kayan gini. Ba wani aikin a zo a gani ba ne, amma ƙafarka na ƙasa. Ka zo ka yi makon biyun a nan, mu yi magana.

Darasin nan yana cikin jarrabawar ƙarshen zango, dole in maimaita shi. Na buɗe shafin jiya na rufe.

Muna jiranka.
Yayarka mai ƙaunarka.

*

Yaya,

Sallama. Ki ce wa Mama zan zo ƙarshen wata in durƙusa a gabanta, amma ba zan bar aikin ba tukuna.

Yau na koma. Gajere ya ajiye aiki, don haka aka haɗa ni da wani sabon ɗauka, dattijo mai furfura a gemu, shekararsa ashirin da shida a kan igiya a wani wurin. Da muka zo bakin katanga ya juyo mini kafaɗa. Na ce masa ya ɗaga hannuwa. Ya ce, ni za ka lalube, kai sa'an ɗana? Kowa ya tsaya yana kallo. Na ce, ka yi haƙuri Baba, ɗaga.

Na murɗa makullansa biyu, na je na ja ƙullinsa a jikin zobba, a gaban kowa. Komai daidai yake, ko kuskure ɗaya babu. Bai ƙara yi mini magana ba har muka tashi, kuma na ji yana ce wa foman ba a koya mini tarbiyya ba.

Gobe ma da shi aka haɗa ni.

Ku huta lafiya.
Auta.